Gas, yoyo da haƙƙin mai mota

Gyaran AC nake yi, kuma tambaya ɗaya na damuna. Mai mota ya ce in cika masa gas kawai, alhali na shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututu na ga kumfa na tashi. In na cika, kuɗin da zan karɓa halal ne?

Shi ya nema, haka ne. Amma na san robar mahaɗar ta bushe, gas ɗin R134a zai zurare kafin zafin Afrilu ya wuce, man kwampreso ya bi shi. A ganina, wanda aka ɓoye wa aibi bai yarda ba tukuna, ko da ya biya da hannunsa. Shi ya sa nake cewa, "Alhaji, zo ka duba." In ya gani ya ce a cika, sai in cika.