Babban mutum da motocin wasa

Tambayar da ake yawan yi mini a Garki ita ce ko ya dace mai iyali, da furfura a gemu, ya riƙa sa kuɗinsa wajen tara ƙananan motocin ƙarfe irin na wasan yara. Masu kawaici sukan ce, "To Malam, ai na jikoki ne ko?" Waɗanda muka saba da su kuwa ba sa ɓoye-ɓoye, cewa suke ɓarnar kuɗi ce, kuma za a tambaye ni gobe kiyama. Wannan magana ba ta ɓata mini rai, domin gaskiya ce za a tambayi kowa ta ina ya samu dukiyarsa, a ina kuma ya kashe ta. Shi ya sa na daɗe ina juya al'amarin, har na kai shi gaban malamai. Na yarda akwai haɗari a cikinsa, amma ba a wurin da masu zargi ke nunawa yake ba.

Motocin nan galibi ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba. An rage girman motar gaske sau 64, manyan cikinsu sau 43. Aikin zubi ne: a narka tutiya da ɗan alminiyam, a tura da ƙarfi cikin mazubi, kusan yadda maƙeranmu ke zuba tukunyar alminiyam, sai dai nasu mazubin na ƙasa ne, wancan na ƙarfe. Kamfanin Meccano da ke Liverpool a Ingila ya fito da Dinky a 1934. A 1953 Lesney na Landan ya fara Matchbox, bayan da wani injiniyansu, Jack Odell, ya ƙera wa 'yarsa ƙaramar motar daddanne hanya, saboda makarantarsu ba ta yarda yaro ya zo da abin wasan da ya fi ƙarfin kwalin ashana ba. A 1968 Mattel na Amurka ya shigo da Hot Wheels masu siririyar waya a tsakanin tayoyi, suna gudu fiye da na kowa, har ya zame wa Matchbox dole ya sauya tayoyinsa a 1969. Lesney ya durƙushe a 1982, kuma tun 1997 abokan gasar biyu suna hannun Mattel. Nawa yawancinsu na gwanjo ne. Idan na shiga Kano nakan tsuguna gaban masu baje tarkacen kayan wasa a Sabon Gari, in tona, in juya cikin kowace mota in karanta sunan kamfani da ƙasar da aka zuba ta: Ingila, Faransa, Tailan, Malesiya, Sin.

Batun mutum-mutumi, wanda wasu ke fara jefowa, bai da tsawo. A cikin Sahihul Buhari wani mai sana'ar yin siffofi ya je wa Ibnu Abbas, Ibnu Abbas ya tsoratar da shi, sannan ya nuna masa mafita: ya yi itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Mota ba ta da rai. Wasa kansa ma yana da gurbi a addini. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana a ɗakinta, kuma Abu Dawuda ya ruwaito cewa a cikinsu akwai doki mai fukafukai, wanda ya sa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi dariya da ta kafa masa hujja da dawakan Annabi Sulaimana. Matan sahabbai sukan yi wa yara abin wasa da ulu ranar Ashura don su ɗauke musu hankali daga abinci har a sha ruwa. Mai zargi zai ce duk wannan na yara ne, kuma ya faɗi daidai. Tambayar babba tana nan.

Ni abin ya samo asali ne daga kaka, lokacin da aka yanke gero da dawa, kara ya cika ko'ina. Mukan feƙe ɓawon kara, mu yanka cikinsa mai laushi daidai-daidai, mu haɗa da ƙayar aduwa ko da siraran ɓawon da muka feƙe. Tayoyi da sakaina ake yin su, a goga a dutse har su kewaye. Da muka ƙara wayo muka koma langa-langa da gwangwanin madara, tayoyi kuma daga tsohon silifa, a ɗaura doguwar sanda a matsayin sitiyari. To amma kafin duk wannan sai an je an kalli mota. Idan babbar mota ta tsaya lodin gyaɗa ko riɗi, ko wadda ta ɗauko shanu daga kasuwar Maigatari ta Alhamis, mukan tsuguna a gindinta har yaron mota ya kore mu. Muna ƙirga tayoyin baya, muna duba ta wane gefe tankin mai yake, yadda bodin katako ya zauna a kan ƙarfe, inda aka kafa tsani, inda ake rataye butar direba. Wanda bai kalla da kyau ba, da ya turo tasa za a fashe da dariya a ce masa, "Kai wannan ai akwati ka yi." A nan na koyi cewa gani daban, lura daban, kuma ba na jin wani darasi na aji ya koya mini wannan fiye da gindin gingimari.

Abin da nake yi da motocin ƙarfe yanzu shi ne ci gaban wancan tsuguno. Ina da Fijo 504 guda biyu. Ɗaya ta Majorette ce ta Faransa, fentinta ya kokkoɗe, amma idan ka danna ta takan ɗan lotsa ta dawo, ƙofofinta suna buɗewa, fitilun gaba suna da karkacen nan nasu, but ɗin baya kuma ya karye ya gangara daidai inda na gaskiya yake karyewa. Ɗayar babu sunan kamfani a cikinta, sabuwa ce fil tana ƙyalli, amma bayanta a miƙe yake, kuma tayoyinta sun yi mata girma. Duk wanda ya taɓa shiga 504 daga Gumel zuwa Kano, tun zamanin da ake harhaɗa ta a Kaduna daga 1975, kallo ɗaya zai yi ya ce ga ta gaske ga ta bogi. Wanda ya zuba ta farko ya tsaya ya lura, ya ba aikin haƙƙinsa ko da yake ya san yaro ne zai ja ta a ƙasa. Na biyu so yake ya sayar kawai. Ina ganin gane wannan bambanci, da girmama mai kyautata aiki, abu ne da ya shafi addini, tunda an umarce mu da kyautatawa a kowane aiki. Akwai kuma wata motar kaya ta Ingila da sitiyarinta ke dama. Da ita nake nuna wa yara cewa a da a hannun hagu ake tuƙi a ƙasar nan, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma dama. Da yawansu ba su yarda sai sun tambayi kakanninsu.

Son kyawun abin hawa ma ba baƙo ba ne. Suratun Nahli ta ambaci dawaki da alfadarai da jakuna, ta ce don hawa aka yi su da kuma ado, sannan ta ƙara da cewa Allah yana halittar abin da ba mu sani ba, inda malaman tafsiri da yawa na wannan zamani suka shigar da mota da jirgi. An ambaci ado kusa da amfani, ba a kore shi ba. Dattijon da ya tsaya a hawan sallah a Ringim yana yaba ƙirar wani doki da kwalliyarsa, ba wanda ke ce masa yaro.

Malamin da nake ɗaukar karatun Risala a zaurensa shi ya taɓa inda ke ciwo. Na kai masa motoci guda biyu, ya juya su a hannu, bai ce halal ba, bai ce haram ba. Cewa ya yi, "Idan ka zauna a gabansu, wadda ke nan kake kallo, ko wadda ba ka samu ba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, a ƙara mini bayani." Ya ce mai kallon abin da ke hannunsa yana iya godiya, mai kallon gurbin da ya rage kuwa ba ya ƙoshi, kuma irin wannan ne Suratut Takasur ta zo a kansa, wato gasar tarawa da ke shagaltar da mutum har kabari. Ya ce surar ba ta ware zinariya ko shanu ba, duk abin da ake ƙirgawa don a fi wani zai iya shiga.

Da na dubi yadda harkar take a ƙasashen da ta yi ƙarfi, sai na ga maganarsa ta zauna daram. Kamfanonin sun san wannan rauni na ɗan Adam, kuma da shi suke ciniki. Tun 1995 Hot Wheels ke sako wasu 'yan tsiraru da gangan cikin katan-katan, su kira su Treasure Hunt, don manya su riƙa sammakon kanti suna tono. Motar da ake sayarwa kusan dala ɗaya a Amurka, akwai 'yar'uwarta, wata bas ƙirar Volkswagen mai ruwan hoda ta 1969 da aka yi don gwaji, wadda ake ƙiyasta ta da fiye da dala dubu 100. Ba don ta fi sauran kyau ba ne, don kaɗan ne suka mallake ta. Mafi muni a wurina shi ne al'adar barin mota a rufe cikin kwalinta, ba a buɗewa har abada don kada darajarta ta faɗi. An ƙera abu da tayoyi huɗu don ya gangara, an hana shi gangarawa, an hana yaro taɓa shi, mai shi ma bai taɓa jin nauyinsa a tafin hannu ba. Wannan ya daina zama sha'awar mota, ya koma ajiyar dukiya da alfahari, kuma a nan na yarda da masu zargina ɗari bisa ɗari.

Akwai ma'auni biyu da na riƙe. Na farko lokaci. Suratu Sad ta ba da labarin Annabi Sulaimana da aka gitta masa dawakai na ƙwarai da yamma. Malamai sun saɓa kan abin da ya biyo baya: wasu sun ce sun shagaltar da shi daga sallah har rana ta faɗi, sai ya yanka su, Ɗabari kuma ya rinjayar da cewa shafa ƙafafunsu da wuyansu ya yi don ƙauna. Ko wanne aka ɗauka, abin da ake aunawa shi ne matsayin dawakan kusa da ambaton Allah. Idan ladan ya kira ina goge wata taya na ce bari in ƙarasa, to motar ta hau kaina. Na biyu haƙƙi. Gargaɗin da Suratul Isra'i ta yi wa almubazzarai ya zo ne manne da umarnin ba ɗan'uwa da miskini da matafiyi haƙƙinsu, don haka ba a gane almubazzaranci da ganin abin da aka saya kawai, sai an duba wa aka tsallake kafin a saya. A Garki, tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon gero bai nuna ba, kuɗin 'yan motoci biyu ko uku tuwon dare ne a wani gida da na sani da sunan mai shi. A irin wannan wata ba na saye. Bayan kaka, idan an sauke nauyin gida da na dangi, ban ga bambancinsa da sayen sabuwar hula ba.

Fiƙihun Malikiyya ma yana da abin cewa, kuma ya burge ni yadda ya bi niyya. Kayan da mutum ya saya don amfanin kansa ba zakka a kansu. Wanda ya saye su don ya riƙa juyawa kullum ɗan kasuwa ne, zai ƙimanta su duk shekara ya fitar idan sun kai nisabi. Wanda ya saya ya ɓoye yana jiran tsada, zai fitar ta shekara guda ranar da ya sayar. Ke nan mai rufe mota a kwali yana jiran farashi ya tashi, shari'a ba ta kallonsa a matsayin mai sha'awa. Ɗan kasuwa ne, kuma talaka yana da rabo a kayansa.

Wani ma'aikaci a Dutse da muke wannan harka tare yakan ce ina kashe darajar nawa, domin duk wadda ta zo mini a kwali nan take nake farke shi. Nakan tuna masa cewa tsofaffin Dinky na kafin Yaƙin Duniya na Biyu da yawa sun tsattsage sun marmashe da kansu saboda gurɓatar da ke cikin tutiyar, waɗanda aka yi wasa da su da waɗanda aka killace duka. Ba mu daidaita ba har yanzu, shi yana killace nasa, ni kuma ranar Juma'a bayan la'asar nakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gida in zube su. Doka ɗaya ce, ba a tafiya da su gida, kuma wanda ya ɓalle taya shi zai nemo ta a cikin rairayi. Fenti yana ƙara koɗewa, gilashin wasu ya fashe. A bara wani ɗan maƙwabcina ya ɗauki wata tifa ta Majorette, bai tura ta ba ko sau ɗaya, ya yi ta ɗaga bodin yana saukewa, yana auna tsakanin tayoyi da tsinken tsintsiya. Bayan 'yan kwanaki ya zo mini da tifar gwangwani da ya yi wa maɗauri da wayar keke, tana juye yashi da gaske, ya ce, "Baba, duba ko ta yi." Na duba, tankin mai yana gefen da ya kamata. Yanzu yaran layinmu duk irinta suke ƙerawa, kuma sun fara musu kan tayoyin baya, ko huɗu za a sa ko takwas.