Dariyar da Na Yi wa Lwaxana

Lokacin da nake karatu a Yamai, abokin ɗakina yana da kwamfuta cike da finafinan Amurka masu dogon zango, irin na ƙagaggun labaran kimiyya. A nan na fara kallon Star Trek: The Next Generation, labarin jirgin sararin samaniya mai suna Enterprise da kyaftin ɗinsa Jean-Luc Picard. Cikin duk abin da muka kalla, babu fitowar da ta ba mu dariya kamar wadda ake kira Manhunt, ta shekarar 1989. Har maimaita ta muka riƙa yi. Yau, bayan shekaru, wannan dariyar ce nake son in tuhuma, domin na gano ba Lwaxana Troi kaɗai na yi wa ita ba.

Ga wanda bai kalla ba, Lwaxana jakadiya ce daga wata duniya da ake kira Betazed, inda mutane ke iya karanta abin da ke cikin zuciyar wani. Mijinta ya rasu tuntuni, 'yarta Deanna kuma tana aiki a jirgin. Majel Barrett ce ta fito a matsayinta, matar Gene Roddenberry wanda ya ƙirƙiro Star Trek, tana da shekara 57 a lokacin. A labarin, matan Betazed idan sun manyanta sukan shiga wani yanayi da sha'awarsu ke ninkawa huɗu ko fiye. To, Lwaxana ta shigo jirgi a cikin wannan yanayin, ta ƙyalla ido ta ga Picard. Ta gayyace shi cin abincin dare, shi kuwa ya kira Data, mutum-mutumin nan mai surutu, ya zo ya cika wurin da bayanin kimiyya don kawai kada a bar su su biyu. Daga baya ya tsere ya ɓuya a ɗakin da na'ura ke ƙirƙiro gari da mutane na bogi. Mutumin da ba ya tsoron yaƙi, ga shi yana gudun bazawara. Ita kuma ta ƙare da son wani mai sayar da abin sha a ɗakin nan, ba ta ma san ba mutum ba ne.

Mai karatu, tsaya ka duba a kan me aka gina wannan barkwancin. Ba a nuna Lwaxana muguwa ba, ba a nuna ta wawiya ba. Hasali ma a ƙarshen fitowar ita ce ta tona asirin wasu baƙi biyu da suka ɓoye abin fashewa a tufafinsu, alhali duk jami'an tsaron jirgin ba su lura ba. Abin dariyar guda ne: mace ta haura hamsin, kuma tana son namiji, kuma ta faɗa. A jirgin nan dai akwai Riker, mataimakin kyaftin, wanda ya yi soyayya da mata iri-iri, kafinsa kuma an yi Kyaftin Kirk na shekarun 1960 da ya yi suna a wannan fage. Ba wanda ya mayar da su abin tsokana. Ana kallon nasu a matsayin jarumta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne irin labarin da wannan ya faru a cikinsa. Marubutan sun hango ƙarni na 24. Sun hango jirgi mai gudun da ya wuce haske, sun hango duniyar da ɗan Adam ya rabu da yunwa da talauci. Duk wannan hangen nesa, da aka zo kan dattijuwa mai son aure sai tunaninsu ya tsaya cak a inda na unguwarmu ya tsaya.

Na san wani zai ce, kai Bahaushe, ina ruwanka? Ai kunya ado ce, kuma babbar mace ta fi kyau da kamun kai. Ban musa ba, kuma ba roƙo nake a tuɓe kowa a gaban kyamara ba. Amma in da kunya ce ta hana su, da ta rufe kowa. Dubi Star Trek: Voyager da aka fara a 1995. An ba mace, Kathryn Janeway, jagorancin jirgi, abin a yaba. Sai dai tsawon zango bakwai kusan an rufe mata ƙofar soyayya, kuma ita kanta Kate Mulgrew da ta fito a matsayin ta nuna ba ta son a haɗa kyaftin ɗin da mataimakinta, don gudun kada kwarjininta ya zube. Tsoron nata gaskiya ne, kuma shi ne ke nuna ciwon, tunda ba a taɓa cewa soyayya ta rage wa Kirk kwarjini ba. A shirin nan dai, a 1997, aka shigo da Seven of Nine, matashiya, aka sa mata kayan da suka manne da jikinta kamar fata. Ina kunyar a nan? Abin da na fahimta shi ne, ana yarda da sha'awa a jikin mace matuƙar mai kallo ne ke sha'awarta. Ranar da ita ce ke so, kuma ta wuce shekarun da ake sayar da fuskarta, sai abin ya zama na dariya ko a yi shiru a kansa.

Don in yi adalci, masu Star Trek sun dawo sun gyara wani abu. A 1991 suka fitar da Half a Life. Lwaxana ta haɗu da wani masani mai suna Timicin, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen neman hanyar farfaɗo da ranar duniyarsu da ke mutuwa. Suka so juna, so na manya, babu guje-guje. Sai ta gano a al'adarsu duk wanda ya cika shekara 60 dole ya kashe kansa a cikin biki, don kada ya zama kaya ga 'ya'yansa. Ta yi faɗa, ta yi kuka, har ya nemi mafaka a jirgin. 'Yarsa ta zo ta nuna masa ya ba ta kunya. Ya koma, Lwaxana kuma ta bi shi don ta tsaya kusa da shi a ranar. A nan babu dariya. Haka ma a Battlestar Galactica, wanda aka nuna daga 2004 zuwa 2009, an ba mu Laura Roslin, ministar ilimi da ta zama shugabar ragowar 'yan Adam wajen 50,000, da soyayyarta da kwamanda William Adama. Mary McDonnell da Edward James Olmos duk sun haura hamsin a lokacin. Yana karanta mata littafi tana jinya, an nuna su kwance tare kamar kowane ma'aurata, babu izgili. Ina son wannan labarin ƙwarai. Amma na lura da wani abu da ke damuna: Roslin tana fama da sankarar mama tun daga farko, kuma ta mutu a ƙarshe, sannan Adama ya sa mata zobensa. Timicin ma mutuwa ce ke jiransa. Kamar dai ba ma iya girmama soyayyar dattijuwa sai mun ga kabari a kusa, sai tausayi ya shigo ya ba mu izini.

Wurin da na ga an yi abin daidai ɗan ƙarami ne. A Deep Space Nine, fitowar The Forsaken ta 1993, na'urar hawa bene ta maƙale da Lwaxana da Odo, shugaban tsaro. Odo halitta ce mai sauya siffa, duk bayan awa 16 dole ya narke ya koma ruwa, kuma ba ya son kowa ya gan shi a haka. Lokaci ya yi, fuskarsa ta fara zuba, ya juya mata baya. Sai Lwaxana, mai ado da ƙwalisa, ta cire hular gashin da ke kanta, ta bar shi ya ga gashinta na ainihi, wanda ba ta nuna wa mutane. Ta ce masa ya saki jiki, ya narke, ta tare shi a cikin rigarta. Ba a tuɓe kowa ba, ba a yi abin da uba zai kashe talabijin a gaban 'ya'yansa ba. Amma an nuna abin da babbar mace ke nema, kuma take iya bayarwa: wanda za ka tsaya a gabansa ba tare da ado ba, bai gudu ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, sai dai mun fi faɗin haka a baki.

Dalilin da ya sa na ce ba Lwaxana kaɗai na yi wa dariya ba shi ne gwaggona. Mijinta ya rasu tana da shekara 50 da 'yan kai. Bayan shekara uku wani dattijo, mai mutunci, ya aiko yana neman aurenta, kuma kowa ya ga alamar tana so. Ta sayi turare, ta sa lalle. Mu samari muka mayar da abin wasa, ni da bakina na ce mata, “Gwaggo, ashe amarya za mu yi?” Aka fashe da dariya, ita ma ta yi murmushi. Babban ɗanta kuwa bai yi wasa ba, ya ce za ta ba su kunya a gari, tana da jikoki. Ta janye. Babu addinin da ya hana ta, babu dokar da ta hana ta. A shekarar nan wani maƙwabcinmu mai furfura ya auri yarinya sa'ar 'yarsa, muka je muka ci shinkafa, muka yi masa fatan alheri.

Tambayar da ta rage mini ita ce: wa ya ba mu ikon yanke wa mace ranar da zuciyarta za ta yi ritaya? Mutanen Timicin aƙalla sun fito fili sun sa lamba, 60. Mu ba mu sa lamba ba, ba mu kuma kashe kowa ba. Muna dai ɗaukar mace da ranta da lafiyarta mu ce daga yau ke uwa ce, ke kaka ce, shi ke nan, sauran abin da ke ranki ki haɗiye. Muna kiran wannan girmamawa. Ni yanzu ina ganin girmamawar da ta hana mutum halalinsa, ta bar shi da kaɗaici, akwai son kai a cikinta, domin mu ne take hutar da mu daga ganin iyayenmu a matsayin mutane irinmu.

Bara na kai wa Gwaggo ziyara. Muna zaune a tsakar gida bayan magariba, na tattaro ƙarfin hali na ce mata ta yafe mini maganar da na yi a wancan lokacin. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Can ta ce, “Ɗan nan, ai ba dariyarku ce ta dame ni ba. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.” Sannan ta tashi ta zubo mini tuwo. Har na baro garin ban sami abin da zan ce mata ba.