Sulhu ko Rufe Baki? Matsayin Mai Shiga Tsakanin Iyaye da Matasa

Bahaushe ba ya barin uba da ɗa su yi gaba da gaba idan rai ya ɓaci. Kunyar ɗan fari ma ta hana mahaifi ambatar sunan ɗansa, balle zama da shi a tattauna, kamar yadda Baba ta Karo ta bayyana a tarihin rayuwarta da Mary Smith ta wallafa a 1954. To amma al'adar da ta toshe wannan ƙofa ta buɗe wasu. Akwai kaka, wadda wasan jika ya ba ta damar jin cikin yaro. Akwai gwaggo da kawu, masu iya ce wa maigida ya yi kuskure ba tare da girmansa ya zube ba.

Mu da ke zaune nesa da gida, a unguwanni irin su Sabo ta Ibadan ko Agege ta Ikko, sau da yawa ba mu da waɗannan dangi a kusa. Idan saurayi ya fara kwana a waje, ko budurwa ta ƙi mijin da aka zaɓa mata, sai a kai ƙara wurin liman ko Sarkin Hausawa.

Nan ne tambayarmu take. Galibi zaman ba ya wuce a sa yaro ya durƙusa ya ba da haƙuri, a yi fatiha, a watse, saboda wai babba ba ya laifi. Shin wannan sulhu ne? A ganinmu rufe baki ne. Yaron da aka hana faɗin damuwarsa gaban dattawa zai kai ta majalisar abokai, inda ba a rasa mai miƙa masa ƙwaya.

Ba muna cewa a daidaita uba da ɗa ba ne. Biyayyar iyaye wajibi ce. Sai dai aya ta 35 ta Suratun Nisa'i, da take magana kan saɓanin ma'aurata, ta nemi a naɗa mai sulhu daga kowane ɓangare. Hikimar ita ce kada wani ya zauna ba mai faɗar ta bakinsa. Matashi ya fi kowa buƙatar wannan, domin tarbiyya ta riga ta ɗaure masa harshe. Saboda haka ya kamata mai shiga tsakani ya fara keɓewa da yaron ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya sami uban shi kaɗai a zaure, bayan sallar isha'i, ya gaya masa abin da ɗansa ba zai iya furtawa ba.