Amsa Laifi Ba Tare da Nadama Ba

A 1843 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya fitar da gajeren labarinsa "The Tell-Tale Heart". Mai ba da labarin ya kashe wani tsoho, ba don dukiya ko gaba ba, sai don ya tsani idonsa guda. Ya daddatsa gawar, ya ɓoye a ƙarƙashin katakon daɓen ɗaki. 'Yan sanda uku suka zo, suka gamsu, har suka zauna hira. Amma bugun zuciyar da yake ji ya hana shi sakat, ya tona asirin kansa.

To, 'yan'uwa marubuta, wannan tuba ce? Ni dai ban ga nadama ba. Ƙarar yake so ta tsaya, kuma zargin 'yan sandan yake da yi masa ba'a. Da waninmu ne ya rubuta, da ya sa shi kuka a shafin ƙarshe. Poe ya ƙi.