Murfin da Ya Ƙi Buɗuwa

Saura 'yan mintoci a ɗaura aure, mu kuma muna tsaye a zaure da idon kyamara na aro a hannu, wanda masu hoto ke ce wa lens, murfinsa na baya ya ƙi fita. Baƙin murfin roba ne, faɗinsa bai wuce bakin kofin shayi ba. Mu uku muka gwada shi, kowa ya murɗa iya ƙarfinsa ya miƙa wa na kusa. Har wani ya tafi neman filaya, sai mai kayan ya iso, ya karɓa, ya juya shi dama da yatsu biyu, ya dube mu ya ce, “Ai ɗaure shi kuke ta yi.”

Gaskiyarsa. Tun muna yara hannunmu ya koyi cewa hagu ke buɗewa, dama ke rufewa: haka murfin kwalba yake, haka kan famfo, haka noti. Kayan Canon ma haka suke. Amma Nikon, tun da ya fito da tsarin mahaɗinsa na F a 1959, akasin haka yake tafiya, murfinsa na baya dama ake juya shi ya fita. Ke nan duk ƙarfin da muka zuba da niyyar kwancewa, ƙara tamkewa ya yi. Ga kuma wani abin: murfin roba ne, idan aka matse shi da yatsu ta gefe biyu sai ya ɗan lanƙwashe, ya ƙara kama ƙarfen da yake kai.

Niyyarmu kyakkyawa ce, ba kuma mu yi kasala ba. To me ya sa muka kusa yin ɓarna? A ƙarƙashin murfin nan akwai gilashin baya, wanda ƙarzuwa ɗaya ke iya lalata shi, da ƙananan ƙarafan da ido ke magana da kyamara ta cikinsu. Murfin ba shi da wata tsada, abin da yake karewa kuwa albashin watanni ne, kuma ba namu ba ne. Da filayar ta riga mai kayan isowa, da wataƙila mun fasa amanar da aka ba mu muna ganin taimako muke yi.

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan hali a wurin aiki. Kwamfuta za ta ƙi karɓar abin da muka tura, ta rubuto dalilinta ƙarara, mu kuma mu ƙi karantawa, mu sake turawa sau biyar. A Git, manhajar da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 don adana tarihin aiki, akwai umarnin tilastawa. Idan ka yi amfani da shi, aikinka zai shiga, amma yana iya shafe na abokin aikinka wanda ya kwana yana yi. Ƙin da manhajar ta yi tun farko gargaɗi ne, mu ne muka ɗauke shi taurin kai.

Wani zai ce, to ai naci ma hali ne na kirki, kuma an ce mai nema yana tare da samu. Haka ne. Akwai murfin da ƙurar hunturu ta shige masa, ko aka ƙaƙaba na wani kamfani a kan idon da ba nasa ba, wanda ko ka san hanyar sai ka sa ƙarfi. Amma dubi yadda masu sana'ar ke sa nasu ƙarfin. Sukan fara tabbatar da ɓangaren da ake juyawa. Sai su kifa murfin a kan roba mai kamawa, ko da tafin silifa ne mai tsabta, su danna daidai ta kowane gefe, su juya a hankali. Idan duk ya faskara, murfin ake sadaukarwa, ko a kai wa mai gyara. Ba wanda ya san darajar kayan da zai yi caca da gilashi don ya ceci roba.

Daga nan muka tsinci tambayoyi biyu da ke raba naci da taurin kai. Ta farko: wannan yunƙurin ya koya mana wani abu da na baya bai koya mana ba, ko maimaici ne kawai da ƙarin fushi? Ta biyu: idan abin ya karye a hannunmu, me zai karye, kuma zai gyaru?

Tambayoyin sun fi nauyi idan abin da ya ƙi buɗuwa mutum ne. Yaro ya daina magana a gida, sai mu ƙara faɗa. Ƙane ya janye jiki, sai mu ƙara yawan nasiha a gaban mutane. Mata ta yi shiru, sai mu tsare ta da tambaya. Muna yin haka ne domin hanyar ta taɓa yi mana aiki a kan wani, ko domin da ita aka tarbiyyantar da mu. Ba mu cika tsayawa mu ce wataƙila wannan ba ta nan yake buɗuwa ba. In ya ƙara rufewa, sai mu ce shi ne mai taurin kai, mu tashi neman filaya. Kuma zuciyar yaro ba ta da shagon gyara a kasuwa.

Ba laifi ba ne hannu ya saba da hagu. Laifin yana farawa ne daga lokacin da abu ya nuna mana sau biyu, sau uku, cewa ba haka ba ne, muka zaɓi mu ƙara ƙarfi maimakon mu tambaya, don tambaya tana nuna ba mu sani ba, ga kuma jama'a na kallo. A zauren nan, lambar mai kayan tana cikin wayar kowannenmu. Ba wanda ya kira shi.

An ɗaura auren, mun samu hotunan. Da za mu mayar da kayan da yamma, muka juya murfin hagu, muka bar shi daidai inda ya tsaya da kansa.