Iskar Gas Tsakanin Mallaka da Amana

A kowace shekara hukumomin makamashi na duniya suna fitar da jadawalai da ke jera ƙasashe bisa yawan iskar gas da ke kwance a ƙarƙashin ƙasarsu, da yawan wadda suke haƙowa, da yawan wadda suke ƙonawa a tashoshin lantarki da masana'antu da gidaje, kuma duk wanda ya jera waɗannan jadawalai kusa da juna zai ga cewa sunayen da ke saman wannan ba lallai ne su kasance a saman wancan ba. Rasha da Iran da Katar su ne kan gaba wajen ajiya, Amurka ce kan gaba wajen haƙowa da kuma amfani, Japan kuwa, wadda kusan ba ta da gas a ƙasarta, tana cikin manyan masu saye. Masana tattalin arziki suna ɗaukar wannan bambanci a matsayin tushen ciniki kawai, tunda mai rara yana neman kasuwa, marashi kuma yana neman kaya. Amma akwai tambayar da ta riga ciniki, wato tambayar haƙƙi: da wace hujja al'ummar da ta tsinci kanta a kan wani ma'adini, wanda ba ita ta halitta shi ba kuma ba ita ta binne shi ba, za ta ce nata ne ita kaɗai, kuma ina ne iyakar wannan mallaka?

Iskar gas iska ce mai kama wuta wadda ta taru a cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa daga ragowar halittun da suka ruɓe tun miliyoyin shekaru, kuma ta bambanta da ɗanyen mai ta fuskar wahalar ɗauka, domin ba a zuba ta a ganga. Hanya biyu ce ake kai ta nesa: ko a tura ta cikin bututu, wanda ke ɗaure mai sayarwa da mai saye na shekaru masu yawa, ko a sanyaya ta zuwa digiri 162 ƙasa da sifiri har ta koma ruwa, girmanta ya ragu kusan ninki 600, sannan a loda ta a jiragen ruwa na musamman. Dukkan hanyoyin biyu suna cin biliyoyin daloli, saboda haka gas yana bin inda kuɗi yake fiye da inda buƙata take. Amurka, mai mutane kusan miliyan 340, tana ƙona gas da ya kusa kubik mita biliyan 900 a shekara, alhali nahiyar Afirka gaba ɗaya, mai mutane fiye da biliyan 1.4, abin da take amfani da shi bai kai biliyan 200 ba, duk da cewa Najeriya da Aljeriya da Mozambik suna zaune a kan ajiya mai yawa.

Masana falsafar siyasa na Yamma sun rabu a kan wannan batu. Charles Beitz, a littafinsa na 1979, ya kafa hujja da cewa rabon ma'adinai a doron ƙasa sa'a ce tsagwaronta, babu wata al'umma da ta yi wani aikin da ya sa ta cancanci a haife ta a kan rijiyar mai ko ta gas, don haka adalci yana wajabta wa masu rara su ware wani kaso domin marasa shi. John Rawls, a littafinsa na 1999 kan dokar al'ummomi, bai yarda da haka ba, yana ganin arzikin al'umma ya fi dogara ga tsarin siyasarta da ɗabi'unta fiye da abin da ke cikin ƙasarta, har ya kawo Japan a matsayin misalin ƙasar da ta bunƙasa ba tare da ma'adinai ba. Dokar ƙasa da ƙasa kuwa ta riga ta tsaya a wani matsayi tun 1962, lokacin da Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1803, wanda ya tabbatar wa kowace al'umma iko na dindindin a kan albarkatun ƙasarta. Ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka ne suka fi matsa wa wannan ƙuduri, domin sun san cewa duk lokacin da aka ce arzikinsu na kowa ne, mai ƙarfi ne ke fara ɗiba. Sai dai ƙudurin ya haɗa ikon da sharaɗin a yi amfani da shi domin ci gaban ƙasa da jin daɗin mutanenta, kuma wannan sharaɗi ne gwamnatoci suka fi mantawa.

Malaman fiƙihu sun tattauna wannan mas'ala ƙarnuka da dama kafin a san amfanin gas. Al-Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya kasa ma'adinai gida biyu a littafinsa na hukunce-hukuncen mulki: na bayyane, waɗanda ake ɗiba ba tare da wahala ba, kamar gishiri da kwalli da kwalta da ɗanyen man da ke tsatsowa, da kuma na ɓoye, waɗanda sai an haƙa an sha wuya, kamar zinariya da azurfa da ƙarfe. Na farko bai halatta shugaba ya yanka wa mutum ɗaya ba, domin hukuncinsu hukuncin ruwa ne. Madogarar wannan ita ce ruwayar Abyad ɗan Hammal, wanda ya roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi gishirin Ma'arib, aka ba shi, amma da aka bayyana cewa gishirin kamar ruwa ne mai ɓuɓɓuga da ba ya yankewa, sai aka janye kyautar. Akwai kuma hadisin da Abu Dawud da Ibn Majah suka ruwaito, wanda ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan tarayya, kuma malamai da yawa na wannan zamani sun yi ƙiyasi, wato auna sabon al'amari da tsoho saboda dalilinsu ɗaya, suka shigar da mai da gas ƙarƙashin wuta, tunda dalilin hukuncin shi ne buƙatar kowa da kowa. Mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar Hausa, ta fi sauran faɗaɗa wannan ƙa'ida, domin a Mukhtasar na Shehu Khalil an mayar da hukuncin ma'adini ga shugaba ko da a gonar wani aka same shi, ya sarrafa shi bisa maslahar jama'a, sai fa idan ƙasar mutanen da aka yi sulhu da su ce, a nan ma'adinin nasu ne. Wannan togaciya tana nuna cewa fiƙihu bai buɗe wa wata al'umma ƙofar ƙwace arzikin wata da sunan tarayya ba.

Ana iya kawo suka mai ƙarfi a nan, a ce gas ɗin zamani ya fi kama da ma'adinin ɓoye, domin yana nisan kilomitoci a ƙarƙashin ƙasa ko teku, kuma Hausawa sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Filin gas na Arewa da ke tekun Katar, wanda ita da Iran suke tarayya a kansa, an gano shi a 1971, amma sai da aka kwashe kimanin shekara 25, aka ci bashi mai nauyi, aka gina tashoshin sanyaya gas, kafin jirgin farko ya tashi zuwa Japan. Wanda ya ɗauki irin wannan kasada yana da haƙƙin riba, kuma da za a hana shi, da gas ɗin ya zauna a binne babu wanda ya amfana. Sukar gaskiya ce, amma iyakar abin da ta tabbatar shi ne haƙƙin lada a kan aiki da jari, ba ta kai ga mallakar asalin ma'adinin ba. Ko John Locke, wanda ya gina mallaka a kan gumin mai aiki, ya gindaya sharuɗɗa biyu: kada mutum ya ɗebi abin da zai lalace a hannunsa, kuma ya bar wa saura abin da zai ishe su mai kyau irin nasa. Matsayin da ya fi dacewa da hujjojin ɓangarorin biyu shi ne cewa ƙasa wakiliya ce a kan gas ɗinta, tana da fifiko a kansa fiye da kowa, tana da ikon sayar da shi, amma riƙon amana take yi, kuma mai riƙon amana ana tambayar sa.

Masu haƙƙin farko a wannan amana su ne mutanen ƙasar. Najeriya tana da ajiyar gas fiye da kubik ƙafa tiriliyan 200, wadda ta fi ta kowace ƙasa a Afirka, kuma tsarin mulkin 1999 ya damƙa dukkan ma'adinai ga gwamnatin tarayya, abin da ya yi kusa da ra'ayin Malikiyya a zahiri. Tun 1999 jirage suke lodin gas daga tsibirin Bonny zuwa Turai da Asiya, amma mutane fiye da miliyan 80 a ƙasar ba su da wutar lantarki, tashoshin lantarki sukan tsaya saboda gas bai iso musu ba, mafi yawan gidaje kuma da itace da gawayi suke girki, abin da ke cinye dazuzzuka yana cutar da huhun mata da yara. Bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, yunƙuri ne na gyara wannan giɓi, kuma ƙimarsa za ta bayyana ne a ranar da masaƙun Kano da Kaduna suka samu wutar da za su yi aiki da ita. Mafi muni shi ne ƙona gas ɗin da ke fitowa tare da ɗanyen mai a bakin rijiya, saboda kamfanoni suna ganin tara shi ya fi tsada. Bankin Duniya yana ƙiyasta abin da ake ƙonawa haka a duniya da kimanin kubik mita biliyan 140 zuwa 150 a shekara, adadin da ya kusa kai wa abin da Afirka duka take amfani da shi. Iraƙi tana ƙona nata tana sayen na Iran, Najeriya kuma ta yi dokar hana ƙonawa tun 1979, ta sa wa'adin 1984, kuma a 2005 Babbar Kotun Tarayya da ke Benin ta yanke cewa ƙonawar ta keta haƙƙin rayuwa na al'ummar Iwherekan a jihar Delta, amma har yau harshen wutar bai mutu ba. Wannan shi ne almubazzarancin da Alƙur'ani ya hana, shi ne kuma lalacewar da Locke ya ce tana rushe hujjar mallaka. Ƙasashe masu arziki ma ba su kuɓuta ba, domin filin Groningen na Holan, wanda aka gano a 1959, ya azurta baitulmalin ƙasar shekaru da dama yayin da girgizar ƙasar da haƙar ta haddasa take tsattsaga gidajen mazauna yankin, har majalisar dokoki ta yi bincike ta ce an yi watsi da su, aka rufe filin a 2024.

Tsakanin ƙasashe kuwa, shekarar 2022 ta fito da tambayar fili. Kafin yaƙin Rasha da Yukiren, Jamus tana samun fiye da rabin gas ɗin da take shigowa da shi daga Rasha, kuma da Rasha ta rage abin da take turawa ta bututun Nord Stream sannan ta tsayar da shi, farashi a kasuwar Turai ya haura yuro 300 kan kowace megawat-awa a watan Agusta, fiye da ninki 10 na yadda aka saba. Turai ta juya ga jiragen gas tana taya su da farashin da babu mai iya ja da ita, sai Pakistan ta nemi masu kawo mata gas ta rasa, Bangaladash ta dakatar da sayen gaggawa, aka riƙa ɗauke wuta a ƙasashen biyu na tsawon sa'o'i. Babu dokar ciniki da mai sayen Turai ya karya, amma wanda bai da hannu a rikicin shi ya kwana a duhu. Fiƙihun ruwa yana da amsa da ta dace da wannan hali, domin Khalil ya ba mai rijiyar da ke cikin mallakarsa damar hana ruwanta ko sayar da shi, amma ya cire wanda ake jin tsoron halakarsa kuma ba shi da kuɗin biya. Ma'anar haka ita ce ciniki halal ne har zuwa inda rai ya shiga haɗari, daga nan kuma larura ce ke hukunci. Wanda ya rufe bututu a gaban hunturu domin ya durƙusar da abokin gabarsa ya mayar da abin buƙatar talaka makami, wanda kuma ya kwashe kasuwa bai waiwayi na bayansa ba ya tsaya a kan halaccin ciniki ya bar wajibin taimakon wanda ke cikin larura.

Masu haƙƙi na ƙarshe su ne waɗanda ba a haifa ba tukuna. Lokacin da aka ci ƙasar Iraƙi, Sayyidina Umar ya ƙi raba gonakinta ga mayaƙa, ya bar su a hannun manomansu ana karɓar haraji, saboda kada na baya su zo su tarar an rabe komai, kamar yadda Abu Yusuf ya kawo a littafinsa na haraji. Gas ya fi gona buƙatar wannan hangen, domin gona ana sake shuka ta, rijiyar gas kuwa idan ta ƙafe ta ƙafe ke nan. Norwe, wadda ta zama babbar mai tura wa Turai gas ta bututu bayan 2022, ta kafa asusu da doka a 1990, tana zuba kuɗin mai da gas a ciki, ba ta cire wa kasafin shekara sai kimanin kashi 3 cikin 100, kuma asusun ya wuce dala tiriliyan 1. Na baya za su gaji sararin sama ma, kuma ko da yake hayaƙin gas a tashar lantarki kusan rabin na kwal ne, yana ƙara ɗumamar yanayi, saboda haka adalci yana neman waɗanda suka riga suka ƙona kaso mafi tsoka su fara ragewa, kafin su nemi ƙasar da mutanenta ke girki da kara ta bar nata a binne.

Kwatanta ƙasashe da yawan ajiya ko yawan fitarwa yana nuna ƙarfinsu ne kawai, ba ya nuna ko sun sauke nauyin da ke kansu. Kwatancin da ya dace shi ne wanda zai tambayi nawa ne ya isa gidajen 'yan ƙasa, nawa aka ƙona a banza, me aka yi wa maƙwabci a ranar ƙuncinsa, me kuma aka ajiye wa jikoki. Ƙasar da ta gaza a waɗannan ta ci amana ko da ita ce ta ɗaya a jadawalin masu sayarwa, kuma haƙƙin malamai da masana ne su riƙa faɗa wa masu mulki haka.