KALLON DARE GUDA KO NA MAKO-MAKO: INA MAKOMAR SALLAR ASUBA?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa Musulmi, ka sani masu fim ɗin intanet hanya biyu suke bi wajen sakin hajarsu. A shekarar 2013 kamfanin Netflix na Amurka ya saki House of Cards kashi 13 rana ɗaya, kallon sama da awa 10. Wannan kashi na ƙarewa, na gaba ya tashi da kansa. A 2017 shugaban kamfanin na lokacin, Reed Hastings, ya faɗa da bakinsa cewa barci yana cikin abokan gasarsu. Shi kuwa Disney+ da ya fito a 2019, sai ya riƙa sakin kashi ɗaya kowane mako, irin yadda muka saba da Labarina a nan gida. Kada ka zaci tausayinka aka ji. Wancan darenka yake so, wannan kuɗinka yake so wata bayan wata.

To, mu koma ga Littafi da Sunna. Alƙur'ani kansa a hankali aka saukar da shi cikin shekara 23, domin a ƙarfafa zuciyar Manzon Allah (S.A.W.). Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu ranar Alhamis yake yi wa mutane wa'azi. Aka roƙe shi ya yi kullum, ya ƙi, don gudun gajiyar da su. Subhanallahi! In wa'azi ma da ma'auni ake bayar da shi, ina ga wasan kwaikwayo? Kuma ya tabbata cewa Annabi (S.A.W.) yana ƙin hira bayan Isha'i. Kai kuwa ka kai ƙarfe uku kana cewa “saura ɗaya”, ladan ya yi kira kana minshari.

Saboda haka ɗan'uwa, abin da ke ɗauke da tsiraici da baɗala haramun ne, ko dare guda aka sake shi ko mako-mako. Wanda babu ɓarna a cikinsa kuwa, kai za ka yanka masa lokaci. Ka kashe abin nan da ke tayar da kashi na gaba, ka ajiye waya bayan Isha'i, ka horar da iyalinka a kan haka. Domin ranar Alƙiyama kai za a tambaya inda ka ƙarar da rayuwarka.

Allah Ya sa mu dace, Ya tabbatar da mu bisa Sunna. Amin.